Wa Ya Kwance Baba Maitama?

Wanda bai taɓa jinyar uba ba, don Allah ya ja bakinsa ya yi shiru a kan maganar Sa'adiya. Wata biyar cur ta yi tana juya Baba Maitama a kan katifa, a ƙauyensu na Tudun Aduwa, can bayan Tsiga. Ciwon daji ne ya kama shi, ya ci ya ci har ya shiga ƙashi. An kai shi Malumfashi, an kai shi Funtua, an wuce da shi babban asibiti, daga ƙarshe likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a da maganin rage zafi. Ai kowa ya san fassarar wannan magana. Mutumin da a zamaninsa sai mota ta yi sawu uku kafin ta kwashe audugarsa zuwa Funtua, yau kofin kunu ya fi ƙarfin hannunsa.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya biyu ne suka rage masa a kusa. Sa'adiya ce babba, tana aure nan cikin gari, katanga ɗaya ce tsakanin gidan mijinta da na uban. Ita ce wanka, ita ce wanki, ita ce ba da abinci a baki. Ƙaninta Awaisu kuwa malamin asibiti ne a Malumfashi. Kullum sai ya taho a babur da jakarsa ya yi wa tsohon allurar kashe zafi, ya jera sauran 'yan kwalaben allurar cikin wani gwangwanin madara a kan taga, ya koma bakin aikinsa.

To, daga ina zargin ya faro? Daga baki, kamar yadda yawancin fitina take farowa. Wata ranar Asabar ce da hantsi, suna zaune a tsakar gida ana ɓarar masara, nishin Baba yana fitowa daga ɗaki kamar ana jan guga mai nauyi. Awaisu ya saurara, ya saurara, sai ya ce, kamar da kansa yake magana:

"Kin san, Yaya, akwai ƙasashen da in ciwo ya kai mutum haka, shi da kansa zai sa hannu a takarda, likita ya yi masa allura ya huta. Kuma dokarsu ta yarda."

Sa'adiya ta saki masarar da ke hannunta. "A'uzubillahi! Huta kamar yaya?"

"Ya mutu mana."

"Kai kuma sai ka ga abin ya yi maka kyau?"

"Ni ban ce ba. Labari nake ba ki."

Labari! Ta ci gaba da ɓara, amma maganar ta zauna mata a ƙirji kamar tuwon da bai nuna ba. Tun daga ranar ta sa masa ido. Kuma ido in ya fita neman abu, wallahi sai ya samo. Ta lura allurar da a da sau ɗaya ake yi ta koma sau biyu. Ta lura Baba yana barci mai nauyi bayanta, har sai ta kara kunne a hancinsa ta ji ko yana numfashi. Ta lura Awaisu bai taɓa zubar da hawaye ba, ko sau ɗaya, ita kuwa har gefen zanenta ya saba da jiƙewa. Abin da ya fi damunta shi ne, in ta shigo ɗakin da kwano ta tarar da su biyun suna ƙus-ƙus, sai su yi tsit. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ranar Talata ta ƙi shiga. Ta tsaya bayan labule da kwanon kunu a hannu, zafinsa yana cin yatsunta, ta ƙi motsi. Muryar Baba ta fito a shaƙe, amma kalma ɗaya ba ta wuce ta ba.

"Awaisu, na gaji. Ranar Juma'a ka kwance ni. Rana ce mai kyau."

Ya ja numfashi, ya ci gaba.

"Ka ji ni ko? Kai kaɗai ne za ka iya. Yayarka zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

"Baba, ka bar ni in yi tunani."

In yi tunani! Ba "subhanallahi" ba, ba "haba Baba" ba. In yi tunani. Sa'adiya ta juya. Ta koma madafa ta ajiye kwanon, ta zauna a kan turmi tana karanta innalillahi. Ba mutuwar uban ce ta firgita ta ba, wannan ta daɗe da ganin tana tafe. Abin da ba za ta iya ɗauka ba shi ne a ce da hannun ɗansa na cikinsa ya tafi. Uba ya tashi gobe kiyama a matsayin wanda ya kashe kansa, ɗa ya tashi da jinin ubansa, ita kuma tana tsakar gida tana dama kunu.

A nan ne ta yi kuskuren da ko yarinya ba za ta yi ba: ta je ta gaya wa Gwaggo Hansai. Gwaggo ƙanwar Baba ce, mace mai son zumunci, mai saurin kuka, amma fa bakinta ba shi da murfi. In kana son magana ta isa kasuwar Bakori kafin ranar kasuwa, ka ce mata sirri ne.

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Ai dama ni yaron nan tun da ya shiga aikin asibiti idonsa ya bushe. Masu yanka mutum suna hira! Tashi mu je wurin Malam."

Washegari bayan la'asar suka sami Malam Abdulmutallib, limamin garin, a zaurensa. Sa'adiya ta durƙusa daga bakin ƙofa ta fara zagaye-zagaye. "Allah gafarta Malam, a ce wani ne ba shi da lafiya, ciwo ya yi tsanani, sai ya roƙi wani nasa ya…"

"Awaisu ne zai yi wa Yaya Maitama allurar mutuwa ranar Juma'a!" in ji Gwaggo. Shi ke nan, ta fasa ƙwan.

Malam ya ajiye carbinsa. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa. Ya ce rai amana ce, ba mallakar mai ɗauke da shi ba ce, balle ya ba wani izini a kansa. Ko mara lafiya ya yi kuka da hawayen jini ya ce a kashe shi, wanda ya aikata ya yi kisa. Iyakar abin da bawa zai roƙa shi ne Allah ya zaɓa masa mafi alheri tsakanin zama da tafiya. Amma, ya ɗaga yatsa, maganin kashe zafi ba kisa ba ne. Ko da ya sa mara lafiya barci, ko da ya raunana shi, muddin rage masa azaba aka nufa, halal ne, har da lada. Aiki da niyya yake tafiya.

"Sannan ke Sa'adiya," ya ce, "da kunnenki kika ji an ambaci allura?"

"Baba ya ce a kwance shi, Malam."

"Na ji. Na ce an ambaci allura?"

"To me kuma Awaisu yake da shi in ba ita ba?"

"Ki tambayi ɗan'uwanki ido da ido. Zato zunubi ne ko ya zama gaskiya. Ke kuma Hajiya Hansai, maganar nan ta tsaya a zauren nan."

Gwaggo ta ce, "Haba Malam, sai ka ce yarinya." Kafin magariba gida huɗu sun ji.

Mutum in ya je neman fatawa da amsarsa a aljihu, rabin da ya yi masa daɗi kawai yake ɗauka. Sa'adiya ta riƙe "ya yi kisa", ta zubar da sauran a hanya. Tambayar Awaisu kuwa, ta yaya? Wanda ya shirya abu ai ba zai ce ya shirya ba. Ranar Alhamis da yamma, bayan ya yi allurarsa ya tafi, ta ɗauki gwangwanin nan daga kan taga. 'Yan kwalabe tara ne a ciki, ƙanana kamar ɗan yatsa. Ta nufi bayan gida, ta juye su duka a masai. Ta ji ƙarar faɗawarsu, ta ji wani sanyi a ranta, har da cewa alhamdulillahi.

Juma'a da hantsi Awaisu ya iso. Ya gaida Baba, ya miƙa hannu kan taga, ya ɗaga gwangwani ya ji shi sakayau. Ya fito tsakar gida.

"Yaya, ina allurorin nan?"

Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. "Suna inda ba za su kashe kowa ba."

"Ban gane ba."

Sai ta miƙe, gari a hannunta har gwiwar hannu. "Za ka gane! Na ji ku ranar Talata. Yau ce Juma'ar, ko ba ita ba? Yau za ka kwance shi. To ba a gidan nan ba, Awaisu, ba ina raye ba. Na zuba su a masai."

Ya tsaya yana kallonta, bakinsa a buɗe. Ta jira ya yi musu, ko ya yi faɗa. Sai kawai ya nemi gefen turmi ya zauna, ya dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, kambun ne."

"Wane kambu?"

"Na damtsensa. Wanda kike zagayewa da soso kullum."

Ai kuwa ta san shi. Wata tsohuwar laya ce da aka ɗinke cikin fata, ta zagaye damtsen Baba na hagu, ta yi baƙi ta yi sulɓi don tsufa. Tun tana yarinya take ganinta, har ta daina ganinta, kamar tabo. Ta san dai Baba ya yi tauri da farauta a ƙuruciyarsa, kafin ya tuba ya kama noma da sahun farko a masallaci.

Awaisu ya ce, "Wanda ya ɗaura masa ya gaya masa muddin abin yana jikinsa, ƙarfe ba zai ci shi ba, kuma ransa ba zai fita ba sai an yanke. Baba ya yarda da haka har cikin ƙashinsa. Gani yake ajalinsa ya zo tuntuni, kambun ne ya tokare ƙofa. Shi yake so in yanke."

"To ai… ai wannan camfi ne. Fata ce da takarda."

"Na sani."

"To me ya hana ka yankewa?"

"Saboda shekarata goma sha biyu a asibiti." Ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. "Na ga mutanen da ke riƙe da rai da zare ɗaya, wani ɗa yake jira ya dawo daga tafiya, wani Azumi yake jira ya kama. Ranar da zaren ya tsinke, sai su tafi. Ni na san fata ba ta riƙe rai. Amma Baba ya ce in yanke don ya mutu, ni kuma in na yanke na san don me na yanke. Shirka ce a bar ta a jikinsa, na yarda. To cire ta da wannan niyyar fa, mene ne sunansa? Kwana uku ina juya abin ban sami amsa ba. Na zo yau ne in ce masa ba zan iya ba."

Sa'adiya ta ji kunya ta lulluɓe ta tun daga kai har ƙafa. Amma zargi ba ya fita da sauri kamar yadda yake shiga. Ta ce, a sanyaye, "To maganar ƙasashen nan da ka yi fa? Da ƙarin allura?"

"Ciwon ne ya ƙaru, likita ya ce a ƙara. Maganar kuwa, e, na yi ta. Wani lokaci in ina jin nishinsa nakan tambayi kaina, tsayawa muna kallo tausayi ne ko rashinsa? Amma tambaya ce, Yaya. Mutum ba shi da ikon yin tambaya a tsakar gidan ubansa?" Ya miƙe ya ɗauki jakarsa. "Allurar jiya za ta sake shi kafin azahar. Wannan magani ba a sayar da shi a kemis kamar na ciwon kai, sai da takardar likita, kuma a Malumfashi ya ƙare. Sai na je Funtua, ga shi yau Juma'a. Ki zauna kusa da shi. Abin da za ki gani ba ki taɓa ganin irinsa ba."

Bai yi ƙarya ba.

Wajen sha biyu maza suka watse zuwa masallacin Juma'a a Tsiga, gari ya yi tsit sai kukan awaki. Nan ciwon ya farka. Da farko Baba cije leɓe yake yi. Can ya fara murza zanin gado. Can kuma sai wani sauti ya fara fita daga maƙogwaronsa, wanda Sa'adiya ba ta taɓa zaton ɗan Adam yana da shi ba. Gumi ya jiƙa matashi. In ta taɓa shi ya yi ƙara, in ta sake shi ya yi ƙara. Ta yi tofi, ta shafa masa ruwa, ta yi fifita, duk a banza. Kowane nishi ya fito sai ta ji ƙarar 'yan kwalaben nan suna faɗawa masai. Ita ta jawo masa wannan, ita da hannunta.

Da abin ya ɗan lafa, ya buɗe ido ya gan ta.

"Sa'a."

"Na'am, Baba."

"Kwance ni."

Ta yi ƙoƙarin murmushi, hawaye na zuba. "Ai kwance kake, Baba."

"Kar ki yi mini wasan yara." Ya ja numfashi. "Na ji ku ɗazu. Kin sani yanzu. Haladu abokina, tare aka ɗaura mana. Kwana arba'in ya yi yana shure-shure, naman bayansa har ya ruɓe, rai ya ƙi fita. Sai da aka yanke. Ko awa bai ƙara ba."

"Baba, ajalinsa ne ya zo daidai lokacin. Rai a hannun Allah yake."

"To in a hannun Allah yake, mi kike tsoro? Yanke mana."

Tsoho yana bakin kabari amma ya ɗaure ta da igiyarta.

"Shekara sittin ina sallah da abin nan," ya ce. "Kunya ta hana ni faɗa, tsoro ya hana ni cirewa. Kina so in je gaban Ubangijina da shi? In an zo wanka Liman ya gani, ya ce ashe Maitama…" Ciwon ya sake taso masa, maganar ta tsinke. Ya gantsare, ya damƙi hannunta har sai da ta ji ƙashinta ya amsa. "Don Allah, Sa'a! Don darajar uwarki!"

Akwai reza a kan taga, wadda take yanke masa farce da ita. Ba ta san lokacin da ta ɗauko ba. Ta ɗaga hannun rigarsa. Damtsen ya rame har kambun yana yawo, da ta so ma zare shi kawai za ta yi ta gwiwar hannu, amma ya girgiza kai, yankewa aka ce. Ta yi bisimilla. Ta ce a ranta, shirka nake cire masa, shirka nake cire masa. Amma can ƙarƙashin wannan, wata murya da ta fi ta gaskiya tana cewa, ya Allah ka ɗauke shi, ya Allah ya isa haka. Ta ji muryar sarai, kuma ba ta tsaya ba. Fatar ta yi tauri, sai da ta yi ta gurzawa kafin ta rabu.

Baba ya dubi damtsensa, inda wani farin zobe ya fito a fatar da rana ba ta gani ba tun yana saurayi. Ya saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce.

Ciwon bai tafi ba, tana ganinsa a goshinsa. Amma ya daina kokawa da shi. Ya juya fuskarsa gabas, leɓunansa suna motsi. Ta ƙulle kambun a gefen zanenta, ta zauna tana maimaita masa kalmar shahada, yana bi, yana bi, har ya koma sai leɓe kawai.

Masu dawowa daga masallaci suna shigowa gari babur ɗin Awaisu ya wuce su a guje. Kowa ya gan shi, kowa ya ga jakar. Ya faɗo ɗakin yana haki, ya fasa kwalba ya ja magani a sirinji, ya kama hannun Baba, sai ya ga farin zoben nan. Ya dubi yayarsa. Ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ya sa yatsu a wuyan tsohon, ya daɗe, sannan ya sauke hannunsa. Allurar ko fatar ba ta taɓa ba. Numfashi biyu Baba ya ƙara.

Daidai nan Gwaggo Hansai ta ɗaga labule. Ta ga ɗan'uwanta a miƙe, ta ga Awaisu tsaye a kansa da sirinji a hannu, ranar Juma'a, kamar yadda aka faɗa. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihun da aka ji har bakin rijiya.

"Ya aikata! Wayyo Allah, ya aikata!"

An yi jana'iza bayan la'asar. Ba wanda ya ce wa Awaisu komai, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Da ya sa kafaɗa zai ɗauki makara, sai wani ya matso ya karɓe a hankali. A zaman makoki, masu gaisuwa su bi layi suna miƙa hannu, in sun zo kansa sai su ba shi 'yan yatsu, ido na kallon wani wuri. Malam Abdulmutallib ya yi nasiha a kan zato har sau biyu, ya ce shi ya tambayi yaron kuma ya gamsu. Mutane suka ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam," suka fita suna cewa ai Malam mutum ne mai rufa asiri.

Ranar sadakar uku Sa'adiya ta kasa daurewa. Tsakar gida cike da mata, ana ta raba gumba, ta ji wata daga bayanta tana cewa, "Wai ko minti biyar bai yi da shiga ba." Ta miƙe tsaye, ta kwance gefen zanenta, ta ɗaga kambun sama kowa ya gani.

"Ku saurare ni! Awaisu bai yi wa Baba allura ba, ko taɓa shi ba ta yi ba. Ni ce na zubar da maganin, na bar shi cikin azaba. Wannan yake nufi da a kwance shi, kuma ni na yanke. In akwai wanda ya kashe Baba, ni ce!"

Sai Gwaggo ta taso ta rungume ta tana kuka. "Allah sarki, 'yar nan! Ji yadda take son rufa wa ƙaninta asiri. Ke, wannan tsohuwar fatar ce za ta kashe mutum? Ai lada ma kika samu. Zauna, baƙin ciki ne ya taɓa ki."

"Wallahi camfi ne," in ji wata. Sauran suka amsa. Kuma fa ku ji, rabin matan nan akwai laya a ƙugun jikokinsu, amma ranar kowace ta zama malama. Magana zarar bunu ce, wadda Sa'adiya ta fara saki ta riga ta yi musu daɗin riƙo.

Ta je wurin Malam ita kaɗai, ta faɗa masa komai, har da muryar da ta ji a zuciyarta. Ya ce kambu ba ya riƙe rai kuma ba ya sakinsa, Maitama ya cika ne a sa'ar da aka rubuta masa. Abin da ke cikin zuciyarta lokacin da take yankan kuwa, shi ba shi da ma'aunin da zai auna shi, ta yi ta istigfari. "Amma haƙƙin ƙaninki," ya ce, "wannan ba a sama yake ba, a nan ƙasa yake. Shi za ki nema."

Ta same shi a ƙofar gida da yamma yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Kwana ukun nan ya faɗa kamar wanda ya yi jinya.

"Awaisu, ka yafe mini."

"Na yafe, Yaya."

"Zan bi gari gida-gida. Zan rantse musu da Alƙur'ani. Sai sun yarda."

Ya ja igiyar ya ƙulle, sannan ya juyo. "Su yarda da me? In sun yarda da ke, to kambun gaskiya ne, ke kika kashe Baba. In ba su yarda ba, ni ne. Garin nan sai ya sami wanda zai nuna da baki, ba zai haƙura ba." Ya hau babur ɗin. "Ni a Malumfashi nake kwana. Ke kuwa a rijiyar nan kike ɗiban ruwa, a nan za ki aurar da 'ya'yanki. Bar shi a kaina."

"Ba zan iya ba, Awaisu."

"Za ki iya. Kin iya wanda ya fi shi wuya, ni na kasa."

Ya tayar da babur. Dattawa bakwai ne zaune a kan tabarmar makoki a ƙofar zauren ubansa, waɗanda suka ga haihuwarsa. Ya rage gudu daidai wurinsu, ya ɗaga hannu ya yi musu sallama. Sa'adiya tana tsaye tana kallo, babu ko ɗaya da ya amsa.